TAƘAITACCEN TARIHIN HARSUNAN ƘASAR BIRNIN KUDU DA GWARAM: WAƊANDA SUKA ƁACE DA WAƊANDA SUKA RAGE

GABATARWA

 Al'ada ce a irin wannan littafi a waiwayi baya, a tuna da waɗanda suka sha wahala kafin mu sami inuwar da muke zaune a ciki. Akwai wani gādo guda da kakanninmu suka bari wanda ba a cika lissafa shi tare da gonaki da gidaje ba, shi ne harshen da suka yi magana da shi. Nufin wannan ɗan rubutu shi ne a ba da tarihin harsunan wannan yanki na kudancin Jihar Jigawa da maƙwabtansa, a nuna yadda Hausa ta zama bakin kowa, waɗanne harsuna suka mutu a hanya, waɗanne suka rage, da kuma abin da ya wajaba a yi tun da sauran dattawa a raye.

ƘASAR DA MUTANENTA

Birnin Kudu da Gwaram suna cikin Masarautar Dutse, a Jihar Jigawa wadda aka cire daga Jihar Kano ran 27 ga Agusta, 1991. Daga kudu sun yi iyaka da Jihar Bauchi, inda ƙasar Ningi da ta Warji suke. A nan ne shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kano take ƙarewa, duwatsu kuma su soma. Wannan yanayi na ƙasa yana da hannu ƙwarai cikin tarihin harsunanmu, gama fili yakan haɗa mutane su zama baki ɗaya, dutse kuwa yakan ɓoye kowace jama'a da nata harshe.

Mutane sun daɗe ƙwarai a wannan wuri. Shaida ita ce zane-zanen da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, inda mutanen dā suka zana shanu marasa tozo, irin da ba a kiwon su a nan yanzu. A shekarun 1950 wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi bincike a kan waɗannan zane-zane da kuma duwatsun nan masu amo kamar ƙararrawa idan an buga su. Dutse ya ajiye mana hoton shanun waɗannan mutane, amma bai ajiye maganarsu ba. Wannan shi ne darasi na fari: harshen da ba a rubuta ba, ba a kuma koya wa yara ba, yakan tafi kabari tare da masu shi.

A yau Hausa ce harshen kasuwa da fada da gidaje mafi yawa. Akwai Fulani, na gari da na ruga. Akwai Maguzawa, waɗanda Hausa ce harshensu tun asali. Akwai kuma Warjawa a ƙauyukan kan iyaka, waɗanda suke kiran harshensu Sirzakwai. Cibiyarsu tana Ƙaramar Hukumar Warji ta Jihar Bauchi, mai hedkwata a Katanga, kuma littattafan masana sun lissafa Birnin Kudu cikin wuraren da ake jin Warjanci. Ƙiyasin da aka bayar a shekara ta 2000 ya sa masu jin harshen kusan dubu 78.

HARSUNAN NAN DANGIN HAUSA NE

Mutane da yawa sukan ɗauka cewa Warjanci da makamantansa baƙin abu ne ga Hausa, har akan kira su yare da muryar raini. Binciken masana ya nuna cewa uwa ɗaya ce ta haife su. Hausa tana cikin babban dangin da ake kira harsunan Cadi, wanda ya ƙunshi harsuna sama da 150 a Nijeriya, Nijar, Kamaru da Cadi. A cikin wannan dangi akwai reshen da ake ce wa na Arewacin Bauchi, wanda ya haɗa Warjanci, Fa'anci na mutanen da Hausawa ke kira Afawa, Siri, Diri, Kariya, Miya, Mburku, Jimbin da Ciwogai. Wanda ya saurari yadda ake faɗin kalmar huɗu a waɗannan harsuna zai ji ta kusa ƙwarai da ta Hausa, domin daga tushe ɗaya suka gado ta.

A cikin duwatsun Ningi kuma akwai wani dangi dabam, wato harsunan Butawa, Ningawa, Kudawa da Camawa. Waɗannan ba na Cadi ba ne, danginsu yana can wajen arewacin Jos. Daga arewa maso gabas da mu kuwa, a dā akwai harshen Auyokawa na Auyo a ƙasar Haɗeja, da na Teshenawa, da na Shirawa na Shira a ƙasar Katagum, waɗanda masana suka sa cikin dangin Bade da Ngizim. Ke nan idan aka koma shekaru ɗari uku baya, matafiyi da ya tashi daga Auyo ya bi ta Gwaram zuwa Ningi zai ratsa harsuna masu yawa kafin ya sauke kayansa.

ZAMANIN YAƘE-YAƘE

Hulɗar Kano da mutanen duwatsu tsohuwa ce. Tsohon littafin Tarihin Kano ya ambaci Warji cikin ƙasashen da Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya kai wa yaƙi. Wannan ya nuna cewa Warjawa suna wurinsu da sunansu fiye da shekaru ɗari shida. Yaƙi da ciniki da auratayya duk sun kai Hausa bakin duwatsu, duk da haka kowace jama'a ta ci gaba da maganarta a cikin gida.

Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wanda ya soma a 1804, sarautar Kano ta koma hannun Fulani, garuruwan kudu kamar Birnin Kudu da Gwaram kuma suka zama masu tsaron iyaka. Abin lura a nan shi ne, su Fulanin da suka karɓi mulki suka zauna cikin birane, su ma harshensu bai tsira ba. Cikin 'yan tsararraki kaɗan jikokinsu suka bar Fulatanci suka kama Hausa, saboda ita ce harshen talakawansu da matan gidajensu da kasuwarsu. Fulatanci ya rage a bakin makiyaya na ruga. Don haka barin harshe ba ciwon marasa ƙarfi kaɗai ba ne, ya kama har masu sarauta.

Wajajen shekara ta 1846 wani malami mai suna Hamza ya tashi daga Tsakuwa a ƙasar Kano tare da jama'arsa, bayan saɓani da hukuma a kan haraji, ya shiga duwatsun Ningi. Shi da magadansa, irin su Ɗan Maje da Ɗan Yaya, suka haɗa kan mutanen duwatsu suka kafa mulkin da ya tsaya wa Kano da Bauchi da Zazzau fiye da shekaru hamsin. Kanawa suna kiran mayaƙan nan Umbutawa. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya sha fita yaƙi da su, garuruwan kudancin Kano kuwa sun sha hari. Warjawa sun sami kansu a tsakiya, wani lokaci Kano ta kai musu yaƙi, wani lokaci Ningi ta neme su da biyayya.

Wannan zamani ya taɓa harsuna ta hanya biyu. Ta fari, waɗanda aka kama a yaƙi aka kai gandayen Kano da sauran birane, 'ya'yansu sun tashi da Hausa kaɗai. Ta biyu, shugabannin Ningi Hausawa ne, jama'ar da suka tara kuma ba sa jin harshen juna, sai Hausa ta zama harshen fada da na sansanin yaƙi. Mulkin da ya hana dawakin Kano shiga duwatsu, shi ne ya shigar da harshen Kano har tsakar gida. Ba abin mamaki ba ne cewa Butawa da Ningawa, waɗanda suka fi kusa da wannan fada, suna cikin waɗanda suka riga rasa nasu.

ZUWAN TURAWA

Turawan Ingila sun ci Bauchi a 1902, Kano kuma a 1903. Da hare-hare suka ƙare, mutane suka fara saukowa daga kan duwatsu zuwa fili domin noma, suka zauna kusa da Hausawa da Fulani. Turawa suka ɗauki Hausa ta zama harshen mulkin En'e, da ita ake rubuta haraji, da ita ake shari'a, da ita hakimi yake magana da dagaci. A 1909 Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano, ana koyarwa da Hausa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, samari suka riƙa tafiya cin rani a Kano da haƙar kuza a Jos. Duk wanda ya tafi yakan dawo da kuɗi a aljihu da Hausa a baki. A 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, a shekarun 1950 kuma aka yi Yaƙi da Jahilci, duk da Hausa. Daga baya gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya kai ta kowace bukka.

A cikin wannan zamani ne mutuwar harsuna ta fito fili. Harshen Ajawa, ɗan'uwan Warjanci, ya mutu tsakanin 1920 da 1940, jama'arsa suka koma Hausa. Na Auyokawa da Teshenawa da Shirawa suka ɓace, abin da ya rage daga gare su shi ne 'yan jerin kalmomi da aka rubuta daga bakin tsofaffi. Har yau akwai Auyokawa, akwai Butawa, suna alfahari da asalinsu, amma da Hausa suke ba da labarin. Harshen Kudawa da Camawa kuwa, a shekara ta 1990 mutum 42 kacal aka ƙidaya masu jin sa.

MAJAMI'A DA HARSHEN HAUSA

Tarihin nan ba zai cika ba sai an faɗi rabon masu bishara a ciki. Gwamnatin Turawa ta daɗe tana hana mishan aiki a ƙasashen sarakunan Musulmi, sai a shekarun 1930 aka buɗe musu ƙofa ta hanyar jinyar kutare. A ƙasar Ningi da Warji, mishan ta SIM ta kafa tashoshi a Katanga da Tiffi. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ta CMS a ƙasar Zazzau ya yi wa hidima shekaru masu yawa. Aka sake fitar da sabuwar fassara a 1979. Makarantun Littafi Mai Tsarki irin ta Kagoro da Hausa suka horar da masu bishara, littafin waƙoƙi ma da Hausa yake.

Wannan zaɓi yana da dalili mai ƙarfi. Ma'aikata kaɗan ne, harsuna kuwa da yawa, Hausa ce kaɗai za ta sa mai bishara daga Kagoro ko Tangale ya yi wa Bawarje wa'azi, ta kuma zaunar da Bawarje da Bamaguje da baƙo ma'aikacin gwamnati a benci ɗaya. Dubban mutane sun koyi karatu ta wannan hanya. Amma abin ya zo da tsada. Yaro ya ga ana addu'a da Hausa, ana waƙa da Hausa, ana ɗaura aure da Hausa, sai ya ɗauka cewa harshen kakarsa na gona ne da bakin murhu, bai isa shiga wuri mai daraja ba. Haka nan a wasu wurare an bar waƙoƙin gargajiya da kiɗa gaba ɗaya saboda alaƙarsu da tsafi, tare da su kuwa aka yi hasarar tsofaffin kalmomi da kirari da tarihin zuriya waɗanda ba su da laifin kome.

SHEKARU HAMSIN NA BAYA

Shekaru hamsin ɗin nan da muke biki a kansu su ne aka fi saurin canji. A 1976 aka fara shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, makarantu suka shiga ƙauyuka. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin suka fi ji. A yankinmu wannan ya zama Hausa, saboda babu littattafai ko malamai na ƙananan harsuna. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a dukan shekaru shida na firamare, sa'an nan a Nuwamba 2025 ta soke wannan, ta mayar da Turanci harshen koyarwa. Darasin da ke nan shi ne, wanda ya jira gwamnati ta riƙe masa harshensa zai daɗe yana jira.

Hanyar mota daga Kano ta Wudil zuwa Birnin Kudu, da wadda ta bi ta Ningi zuwa Bauchi, da manyan kasuwanni irin ta Sara, sun ƙara cuɗanya. Auratayya tsakanin kabilu ta yawaita, gidan da miji da mata ba su da harshe ɗaya kuwa Hausa yake kamawa. Finafinan Kano daga shekarun 1990 da wayar hannu daga 2001 suka cika aikin, har hirar dare da tatsuniya suka rasa masu sauraro.

Yadda abin yake tafiya kusan iri ɗaya ne ko'ina. Kaka tana jin harshenta sosai, Hausarta kuwa da ƙyar. 'Ya'yanta suna jin duka biyu. Jikoki suna gane abin da ta ce amma da Hausa suke amsawa. Tattaɓa kunne sai gaisuwa da sunan abinci. A cikin tsara huɗu harshen da ya yi ɗaruruwan shekaru ya ƙare, ba tare da wani ya yi shawarar kashe shi ba. Saboda haka yawan masu jin harshe ba shi ne ma'aunin lafiyarsa ba. Ma'aunin shi ne, da wane harshe yara suke wasa a dandali? Warjanci yana da dubban masu ji, a cibiyarsa yana da ƙarfi, amma a gefen iyaka da cikin birane, inda Warjawa suke tsiraru, nan ne igiyar ta fi saurin tsinkewa.

ABIN DA AKE HASARA

Wani zai ce, tun da muna fahimtar juna da Hausa, mene ne abin damuwa? Hausa alheri ce gare mu, da ita ma aka rubuta wannan tarihi, ba kuwa wanda ya ce a bar ta. Kakanninmu sun riƙe biyu, wasu uku, bai rage su da kome ba. Abin da ake hasara idan harshe ya mutu shi ne sunayen itatuwa da saiwoyin magani, sunayen duwatsu da rafuka tare da labarin da ke bayan kowanne, kalmomin dangantaka da suke nuna wa ya kamata ya auri wa, da karin maganar da dattawa suke sulhu da ita. Har iyakar gona da tarihin sarauta sukan dogara ga sunayen da mai jin harshen kaɗai zai fassara. Bayan wannan akwai tsohuwar da ke kwance tana so ta yi wa jikanta wasiyya da harshen zuciyarta, jikan kuwa yana neman mai fassara.

WAƊANDA SUKA YI ƘOƘARI

An yi wasu ayyuka da ya kamata a sani. Masani Bajamushe Herrmann Jungraithmayr ya rubuta samfurin Fa'anci da Warjanci a shekarun 1960. Neil Skinner ya buga kwatancin kalmomin harsunan Arewacin Bauchi a 1977, Margaret Skinner ta rubuta nahawun Fa'anci a 1979, Russell Schuh kuma ya buga babban littafin nahawun Miya a 1998. Shi Schuh ɗin tare da Alhaji Maina Gimba da 'yan ƙasa masu jin harsunan sun fitar da ƙamus na Bade, Ngizim, Karekare, Bolanci da Ngamo a Potiskum a 2004. A Jos akwai hukumar fassarar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya, wadda tun 1976 take taimakon ƙananan harsuna su sami haruffa da littattafai. A Jihar Ribas, shirin littattafan karatu da Kay Williamson ta jagoranta daga 1970 ya samar wa ƙananan harsuna da yawa littafin firamare.

A ƙasashen waje ma akwai abin koyi. Mutanen Wels a Birtaniya sun sami Littafi Mai Tsarki da harshensu a 1588, karanta shi a majami'u da Makarantun Lahadi kuwa yana cikin abin da ya riƙe harshen a gaban Turanci har yau. Mutanen Mawori na ƙasar Niyuzilan, da suka ga yaransu sun daina ji, sai a 1982 suka buɗe gidajen reno inda tsofaffi suke zama da ƙananan yara suna yi musu magana da harshen kaɗai. Hukumar UNESCO ta ware 21 ga Fabrairu ta zama ranar harshen uwa, aka fara kiyaye ta a 2000, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta keɓe 2022 zuwa 2032 domin harsunan asali. Littafin masani yana ajiye harshe kamar yadda rumbu yake ajiye iri, amma iri ba ya tsira sai an kai shi gona, gonar kuwa ita ce bakin yara.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

1. Iyaye masu jin Warjanci, Fulatanci ko wani harshe su yi wa 'ya'yansu magana da shi a gida tun suna goye. Hausa da Turanci za su same su a waje ko ba a koya musu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

2. Matasa masu waya su zauna da tsofaffi su ɗauki muryarsu: tatsuniyoyi, sunayen itatuwa da wurare, tarihin zuriya, waƙoƙin niƙa da na noma. A rubuta sunan mai magana da garinsu da ranar, a ajiye a wuri fiye da ɗaya.

3. Inda jama'a suke jin harshe ɗaya, a ba shi wuri a cikin sujada, ko waƙa ɗaya, ko addu'a, ko karatun yara. Zumuntar mata, waɗanda su ne suka fi riƙe harshe da waƙa, su ja gaba.

4. Masu ilimi daga cikinmu su haɗa kai da 'yan'uwa na Katanga da sauran garuruwa, Kirista da Musulmi, a daidaita haruffa a buga ƙananan littattafan karatu. Harshe na dukan kabila ne, tsintsiya ɗaya kuwa ba ta shara.

5. A daina yi wa yaro dariya idan ya yi kuskure cikin harshen iyayensa, a kuma daina raina wanda Hausarsa ta nuna asalinsa. Kunya ta kashe harsuna fiye da yaƙi.

KAMMALAWA

Ajawa da Auyokawa da Teshenawa da Shirawa ba su sami wanda ya gargaɗe su da wuri ba. Mu kam mun ga abin da ya same su, gani ga wane kuwa ya ishi wane tsoron Allah. Yaran da suke rera waƙa a wannan biki su ne za su zama dattawa ranar da za a yi bikin cikar shekaru ɗari. Ko za a sami mai tashi a ranar ya gai da taro da Sirzakwai, jama'a kuma su amsa masa, wannan yana hannun iyayen da suke riƙe da littafin nan yau. Muna roƙon kowane mai karatu ya koma gida ya tambayi tsohon da ke kusa da shi kalma goma, ya rubuta su, ya koya wa yaro guda kafin wata ya ƙare.

Allah ya ja zamanin dattawanmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka ga wannan biki. Amin.